Kunun 'Yan Dubiya

Shekarar da aka yi wa Inna aiki a ciki, gyaɗa ta yi kyau a garinmu. Ina tuna haka ne domin ranar da muka dawo da ita daga asibitin birni, motar da muka ɗauko shata daga Ɗanbatta ba ta samu wurin tsayawa a ƙofar gida ba, ko'ina an yi shanya, sai a bakin masallaci ta sauke mu. Baba ya kama hannunta ɗaya, na kama ɗaya, muka tako da ita a hankali. Da na riƙe damtsenta sai na ji yatsuna sun zagaye shi sun haɗu. Wannan fa matar da take sussuke damin gero ita kaɗai, ta sheƙe, ta surfa, tun rana ba ta yi zafi ba.

Ciwon daji ne ya kama mata tumbi. Ta daɗe tana cewa gyambon ciki ne, tana shan kanwa da jiƙe-jiƙe, har sai da abinci ya daina zama. Likitoci suka yanke mafi yawan tumbin, suka haɗa ɗan abin da ya rage da hanji. Ni ce autarta, ina aure a Gezawa ina koyarwa a firamare, na nemi hutu na zo jinya. Yayana, wato ɗan farinta, yana kasuwanci a birni, shi ya yi ta faɗi-tashin asibiti.

Kafin a sallame mu, wata ma'aikaciya da aikinta ke nan tsara wa marasa lafiya abinci ta zaunar da ni. Ta dunƙule hannunta ta nuna mini, ta ce cikin Inna yanzu da ƙyar ya kai wannan. Ba za ta ƙara zama ta cinye malmalar tuwo ta tashi ba. Kaɗan-kaɗan za ta riƙa ci, duk bayan awa biyu ko uku, daga safe har kwanciya, kuma kowace loma ta zama mai gina jiki: ƙwai, kifi, naman kaza da ya dahu luguf, waken da aka surfe, kunun gyaɗa mai kauri ba sukari. Ta tauna sosai. Kada ta kora da ruwa sai an jima, domin ruwan zai tare wurin abincin. Lemon kwalba da kayan zaƙi kuwa, ta ce in nesanta ta da su. Abu na ƙarshe da ta ja mini kunne a kai shi ne kada in jira Inna ta ce tana jin yunwa, domin mai yiwuwa ba za ta ji ba.

Likita ya ƙara da nasa. Ya ce da sauran wani magani da za a riƙa sa mata ta jijiya don ya kashe ragowar ciwon da ido ba ya gani, amma maganin yana da ƙarfi, ba a sa wa jikin da bai yi ƙwari ba. Aka ɗora ta a sikeli aka rubuta nauyinta. Ya ce mu dawo bayan wasu makonni. In ta ci gaba da ramewa ba zai iya farawa ba, kuma jinkirin ba alheri ba ne gare ta.

Na taho gida da ƙwarin gwiwata, ina cewa a raina in dai girki ne ai an zo gidan. Ga gyaɗa har ƙofar ɗaki, ga wake, ga kajin Inna suna ta ƙwai. Ashe girkin shi ne mai sauƙin.

An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar Inna babu inda ba ta taka ba. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, dubiyar mai jego, daga unguwarmu har ƙauyukan da ke bayan fadama, in ba a ga Inna ba to ba ta ji ba ne. Yanzu da ta kwanta sai kowa ya tashi ramawa. Tun da hantsi ake fara sallama, ba a dainawa sai an kira magariba. Wasu su fita, wasu su shigo, takalma a ƙofar ɗakinta kamar ƙofar masallacin Juma'a. Mata su bar tsinkar gyaɗarsu su zo su zauna a tabarma, a yi sannu, a yi ya jiki, a yi Allah ya sa kaffara ne, daga nan a gangara hira. Kuma ba mai zuwa hannu rabbana. Wannan ta riƙo lemon kwalba, waccan madarar gwangwani mai zaƙi, wata rake, wata alewa.

Lemon ne ya fara ba mu tsoro. Wata 'yar'uwar Baba da ta zo daga Zakirai ta buɗe kwalba da hannunta, ta ce sai Inna ta sha, wai zai ƙara mata jini. Ina tsakar gida ina wanki. Inna ta ji kunyar ƙi, ta sha kusan rabi. Ba a jima ba na ji ana salati. Na tarar da ita gumi ya jiƙe ta sharkaf, ƙirjinta na bugawa, jiri ya hana ta ɗaga kai, cikinta na murɗawa. Matan da ke ɗakin har sun fara tofi, wata na cewa iska ce. Na ce ba iska ba ce, sukari ne, na kwantar da ita har abin ya lafa. Daga ranar duk kwalbar da ta shigo gidan, yaran unguwa ne suka ga amfaninta.

Wannan mai sauƙi ne, tunda kwalba ana iya ɓoye ta. Babbar matsalar ita ce Inna ba ta cin abinci baƙo na zaune. Haka ta tashi, haka ta tsufa. Sai in ɓata lokaci in dafa ƙwai, in marmasa shi a ɗan faten wake, in kawo a 'yar tasa daidai cikinta, ta dube ni ta ce in ajiye can. In na tsaya a kanta, sai ta ce wa baƙi bismillah, su ce alhamdu lillahi, ita ma ta ce alhamdu lillahi, shi ke nan an rufe tasa. In kuwa da mai goyo a ɗakin, ko wani yaro da ya biyo kakarsa, to ƙwan nan ya samu mai shi. Ina ji ina gani za ta miƙa masa, yana ci tana murmushi kamar cikinta yake shiga.

Ran nan na kasa haƙuri, baƙi na fita na ce, “Inna, wannan fa magani ne, ba abincin marmari ba. Naki ne ke kaɗai.”

Ta ce, “Ke Auta, yaro na kallona zan kai abu baki? 'Yar tasar da ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba, in ci a gaban mutane ban ba su ba? Ba a haife ni a haka ba.”

Kafin in ba ta amsa wata sallamar ta shigo. Abincin ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Sai bayan magariba, da gida ya yi shiru, take ƙoƙarin rama abin da ta rasa don ta faranta mini, ta ci fiye da abin da cikin zai ɗauka, ya dawo gaba ɗaya. Haka muka yi ta yi. Zaninta ya fara zagaye ta har ya yi saura, zoben azurfarta ya koma babban yatsa. Na kai ta ɗakin shan magani na garinmu, aka ɗora ta a sikelin da ake auna masu ciki, ma'aikacin ya duba katin asibiti ya duba sikeli, ya ce ta ragu. Tsoro ya kama ni sosai, kuma haushin kowa nake ji, har da masu zuwa da zuciya ɗaya.

Na kira Yaya a waya na zayyana masa. Washegari sai ga shi. Yaya mutum ne mai yanke magana kamar yana yanka yadi, ya ce daga yau an rufe dubiya. Ya sa kujera a zaure ya zauna, duk wadda ta yi sallama ya gaishe ta da ladabi, ya ce likita ya hana, a yi mata addu'a daga gida. Ni ma a lokacin hakan ya yi mini daidai. Baba bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, ya dai ce mu bi a hankali, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Gida ya yi tsit, ga abinci yana zuwa a kan lokaci, ga mai ci babu. Inna tana jiyo muryar kowace mace daga zaure, ta san mai ita, tana kuma jin takunta in ta juya. Sai ta mai da fuskarta bango. In na kawo tasa ta yi cokali ɗaya ko biyu ta ce ya isa. Ba ta yi wa Yaya magana ba, don ba ta doguwar magana da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Ni ta samu. Ta ce, “Ki gaya wa wancan, in ya hana su ganina da raina, ranar da za su zo ganin gawata ba zai iya tare ƙofa ba.”

Ban iya gaya masa haka ba. Baba na gaya wa, shi kuma ya jira Yaya ya koma birni, ya ɗauke kujerar daga zaure da kansa. Garin neman gira mun kusa rasa ido. Takalma suka dawo ƙofar ɗaki, fuskar Inna ta saki, tasa kuma ta koma zaman jiran da ta saba. In an buɗe ƙofa ba ta ci, in an rufe ba ta ci, ranar komawa asibiti kuma tana matsowa. Na sha zagayawa bayan rumbu in yi kukana in share ido in dawo.

Ana cikin haka Fulanin da suke tafiya da shanu in damina ta faɗi suka dawo cin karan gonaki. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai tallar nono, ƙawar Inna ce tun ba a haife ni ba. Sai da suka sauka ta ji labari, ta tako a ƙafa daga rugarsu da tsakar rana, ta iso leɓɓanta sun bushe. Na gama dama kunun gyaɗa ke nan, kuma ranar hannuna ya zarce, ya yi yawa. Inna ta ce maza in kawo wa baƙuwa. Na cika mata kofi, na ajiye wa Inna 'yar tasarta a gefe ba tare da na sa rai ba.

Tsohuwar ta karɓi kofin ta riƙe, ba ta sha ba. Ta tambayi Inna ina nata, Inna ta ce ta sha ɗazu.

“Ba ki sha ba, ƙawa, ga shi nan a rufe. Ni kuwa ba na kai ƙwarya baki mai gida na zaune tana kallona. In ba za ki sha ba, ku mai da kununku, in koma da ƙishina.”

Ta ajiye kofin a ƙasa, ta fara laluben mayafinta. Na ga Inna ta rasa yadda za ta yi. A ce baƙuwa ta keto rana tun daga ruga, ta fita daga ɗakinta ba ta sa komai a ciki ba, wannan ya fi mata ciwon da ke jikinta zafi. Ta ce in miƙo mata tasar. Ta yi cokali ɗaya, tsohuwar ta kurɓa sau ɗaya. Inna ta tsaya, ita ma ta tsaya, ta shiga ba ta labarin wata saniyarsu da ta haihu a hanya. Can Inna ta lura kofin baƙuwa bai ragu ba, ta sake ɗaukar cokali. A haka, ana hira ana kurɓa, ba gaggawa, har na ji cokali yana karta gindin tasa. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ƙi ko motsawa don kada in ɓata abin. Tun da muka dawo daga asibiti ban ga ta gama abin da na zuba mata da rana ba sai ranar.

Da yamma na sami Baba yana ɗaure buhunan gyaɗa na gaya masa abin da na gani da abin da nake so in yi. Sai ya kwance bakin buhun da ya gama ɗaurewa, ya ce in ɗebi duk abin da nake bukata, gero ma yana rumbu.

Daga washegari na koma dama kunu a babbar tukunyar da muke girkin suna. In lokacin cin Inna ya yi, duk wadda na samu a ɗakin ko na ji sallamarta, sai in ja ta gefe wajen madafa in yi mata raɗa: za a kawo miki kunu, don Allah kada ki sha sai ta sha, in ta tsaya ki tsaya. Yara kuwa tun a tsakar gida nake tare su da nasu kofin, kowa ya shiga ɗaki baki a cike. Na baƙi kunu ne kawai. Na Inna, a tasarta, shi ne mai kaurin, na zuba masa garin madara kaɗan. Ranar da na yi alale, nata ne mai ƙwai da kifi a ciki. A ido duk ɗaya suke.

Ban taɓa sanin matan garinmu sun iya wasan kwaikwayo haka ba. Wasu ma har suka wuce gona da iri. Akwai wadda tun ba a kawo mata komai ba ta fara rantsuwar ita fa ba za ta sha ba sai mai ɗaki ta sha, sai da na harare ta. Matar liman, wadda ko dariya ba ta cika yi ba, ta riƙa tura kofinta gefe tana ɓata fuska kamar amaryar da aka yi wa laifi. Kafin mako ya zagayo sun raba wunin a tsakaninsu ba tare da na sa su ba. Iya ta gidan maƙera, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu, ita ce ta hantsi, kullum, ko fashi ba ta yi. Matar tela ta bayan azahar. Ta la'asar kuwa duk wadda ta taso daga gona. Lemon kwalba ya ɗauke ƙafa, sai ga ƙwai ƙulle a bakin zani, sai ga busasshen kifi ranar kasuwar Ɗanbatta. Matar tela ta ce in wannan jinya ta daɗe sai an buɗe mata rigunanta, don ita ce ke ƙiba a madadin mara lafiya.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da cikin zai ƙi komai, ta yi amai, ko gudawa ta tasa ta gaba ta wuni a galabaice. Kindirmon da ƙawarta ta kawo ya karɓe ta, amma madara in ta yi yawa sai ciki ya kumbura, dole na rage. Naman kaza sai na daka shi a turmi. Ruwa kuwa kullum sai mun yi rigima, domin hannunta ya saba kai wa moɗa da zarar ta haɗiye loma, sai na riƙa ɗauke moɗar ina dawo da ita bayan an jima. Amma tasa tana fita wayam sau da yawa fiye da yadda take fita a cike. Ta fara takawa zuwa bakin rijiya ta dawo. Wata safiya na ji tana yi wa kaji faɗa, na ce alhamdu lillahi. Duk da haka ban yarda na sake kai ta sikelin garinmu ba, tsoron abin da zai nuna nake yi.

Ranar komawa muka yi sammako, ni da ita, Yaya ya tare mu a asibiti. Layi ya yi tsawo, na ba ta dafaffen ƙwai a kan benci, ta juya wa mutane baya ta rufe da mayafi ta ci rabi. Da aka kira mu, ma'aikaciyar jinya ta ce ta cire takalmi ta hau. Ni ban iya kallon sikelin ba, fuskar ma'aikaciyar na kalla. Ta duba, ta buɗe kati, ta sake dubawa, sannan ta ce abin da ya zube ya dawo, har da ɗan ƙari a kan nauyin ranar sallama. Likita ya duba sakamakon jini, ya ce Hajiya ta yi ƙoƙari, za a fara maganin mako mai zuwa. Yaya ya fita da sauri wai zai karɓo kati, na san ba kati ne ya fitar da shi ba.

Muka koma benci muna jiransa. Ina ta murna a raina, har ina jin kaina wata mai dabara, na yi wa tsohuwa wayo ba ta sani ba. Inna tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, ba ta ko dube ni ba, ta ce, “Auta, in mun koma, ki daina ba Iya ta gidan maƙera kunun gyaɗa. Ki riƙa dama mata koko.”

Na ce me ya faru.

“Gyaɗa ba ta karɓe ta ba tun muna amare. In ta sha, ƙwannafi ke hana ta sakat har dare, ina jiyo ta ta katanga. Kullum tana zuwa tana runtse ido tana haɗiya don ni. Ni kuma in na ga haka sai in ce bari in daure in shanye nawa, kada wahalarta ta tafi a banza.”

Sai hawaye suka zubo mini a gaban mutane. Ta miƙo mini bakin mayafinta ta ce in share, ba kyau a gan ni haka a asibiti, za a zaci wani mugun labari aka ba mu. Sannan ta ce in duba jaka, in da sauran rabin ƙwan nan in ba ta, lokaci ya yi.